Wanda Ke Zaune a Baya

"Saki kafaɗunki! Kin ƙanƙame kan babur kamar za a ƙwace miki!" in ji yayanta daga baya.

Satinta uku da koyon tuƙi, yau ga tafiyar awa huɗu. Duk kwanar da ta sha sai babur ɗin ya yi tangal-tangal.

"Na ce ba za ki iya ba. Sauka!"

Ta taka birki. "Ba inda za ni, Yaya. Kai dai sauka ka gani."

Ta sha kwanar ita kaɗai, sumul, ta dawo.

Yaya ya share gumi. Shekara ashirin yana tuƙi, bai taɓa zama a baya ba. Ashe duk sanda ta karkata hagu, tsoro ke sa shi karkata dama.

"Hau," ta ce. "Kuma ka saki kafaɗunka."