Kunnen Amidu

Tun daga hawan tudun Mampong Amidu ya fara zargin cewa ba don shi aka shirya tafiyar nan ba.

Matarsa Lariba ce ta matsa. Shekara tara da aurensu, ba ta taɓa cewa tana marmarin garinsu ba sai a wannan watan, da dokar korar baƙi ta mai da unguwarsu Alabar, a Kumasi, gidan makoki. Amidu tela ne, kuma taurin kansa ya fi na jaki. A goye aka kawo shi Kumasi daga Katsina, ba shi da takarda ko ta naɗe ƙosai, amma duk wanda ya ce ya nemi dabara ya kira kansa ɗan ƙasa sai ya ce ba zai canja uba don tsoron ɗan sanda ba. Lariba ta yi magana har ta gaji ta yi shiru. Sai ga ta da zancen zuwa kallon duwatsun Gambaga, wai har ta samo direba.

Direban nan shi ne ƙashin da ya tsaya wa Amidu a wuya. Osmanu sunansa, dogo, mai wushirya da agogon hannu, ga dariya ba gaira ba dalili. Ya loda tamfol da tabarmi da tukunya a bayan lorinsa, suka ɗauki hanya. Inda rana ta faɗi nan suke kafa rumfa su kwana.

Lariba, wadda a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta, sai ga ta tana zuba kamar kanya, kuma duk da Osmanu take yi.

"Garinmu Namtinga, a gindin dutse yake. Kuka uku ne a bakin gari."

"Kuka nawa, Sista Lariba? Sake faɗa mini."

Sai ta sake, da ƙarfi, tana murmushi. Mutum da girmansa, a ce kuka uku ma sai an nanata masa sau uku! Amidu ba yaro ba ne, ya san namiji ba ya mantuwa irin wannan sai in muryar yake son ji. Kishi ya cika masa ciki har tuwo ya daina shiga. Sai ya riƙa tsince kowace kalma yana jujjuyawa, ko zai kama inda suka ɓoye zancensu.

A kwana na uku suka hau kan dutsen Gambaga. Ƙasa ta shimfiɗu a ƙarƙashinsu har iyakar gani, kogi yana sheƙi a can nesa kamar zare. Amidu bai kalla ba, idonsa na kan hannun Osmanu, wanda ya matso kusa da mayafin Lariba. Ita kuwa nuna wa Osmanu Namtinga take yi a can ƙasa: ga maƙerar tsoho Wuni, ga kasuwa mai ci duk bayan kwana uku, ga falalen da ba a yin fito da baki a kansa don kada a ta da kakanni. Da safe in an ce "Dasuba", sai ka rusuna ka ce "Naa". Osmanu ya gwada ya kasa, ya sake ya kasa, suna ta dariya. Amidu ya ƙudura a ransa, suna isa Kumasi sai an yi ta ta ƙare.

A dawowa, a bakin jirgin fito na Yeji, suka tarar da shinge. An ware mutane a gefe da ƙunshin kayansu, ana tura su cikin wata babbar mota. Wani kofur mai tsagar mutanen yankin Gambaga ya leƙo, ya dubi Osmanu ya wuce, ya dubi Lariba ya wuce, ya tsaya a kan Amidu.

"Kai, Masta, ina takarda? Wane gari?"

Katsina ta zo har bakin Amidu. Sai ya hango motar can, ya waiwayo ya ga Lariba zaune a gefen Osmanu. Wato a kwashe shi, a bar wa mai wushirya fili? Ko kusa!

"Namtinga," in ji shi. "A Zongo na girma, yaren ya ɓace mini."

"Kowa haka ya ce. Menene a bakin garin?"

"Kuka uku."

"Wa ke ƙira?"

"Tsoho Wuni. Kasuwa duk bayan kwana uku. Kuma ba a fito a kan falale."

Kofur ya ƙura masa ido. "Dasuba."

Amidu ya rusuna daga zaune. "Naa."

"Yoo. Ku wuce."

Sai da jirgi ya kai tsakiyar ruwa Amidu ya daina waiwayen shingen. Ya gode wa Allah da ya fid da shi ta inda bai zata ba, amma wutar da ke cikinsa tana nan. Osmanu na sauka duba taya, Amidu ya juyo kan Lariba.

"Allah ya so ba a tambayi ɗalibin naki ba. Kwana uku kina kashe murya kina koya masa, ko gaisuwa bai iya ba."

Lariba ta gyara mayafinta, muryarta ta koma ƙasa kamar ta gida.

"Osmanu? Ai jikan tsoho Wuni ne, Maigida, a maƙerar nan aka yanke masa cibiya. Shekara tara ina maka magana ba ka ji, amma wadda na yi wa wani namiji, ko ɗaya ba ta taɓa wuce kunnenka ba."