Kaltuma da Ƙwayoyin Alƙasim Mai Shara

Tun da mijinta ya rasu a shekarar fari ta tamanin da huɗu, Kaltuma ta daina barci, ta daina cin abinci. Sai ta wuni a bakin ɗaki tana kallon ƙasa, 'ya'yanta uku na yawo da yunwa. Da abin ya yi tsanani aka kai ta asibiti a Buza. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ya ba ta ƙwaya, ɗaya kowace rana, ya ja kunnenta kada ta haɗa da wani magani sai ta tambaye shi.

Kafin kaka ta zagayo Kaltuma ta dawo mutum. Har dariyarta ana ji a ƙauyensu Tabotaki.

Sai aka shiga sussuka. Ƙaiƙayin gero ya taso mata, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ga atishawa, ga idanu jawur. Buza da nisa, aiki kuma ya yi yawa, don haka ta nufi gidan wanta Alƙasim.

Shi Alƙasim shekara biyu ya yi yana shara a wani asibiti kafin a sallame shi. Abin da ya samo ke nan: tsohuwar farar riga, gwangwanin ƙwayoyi, da Faransanci kalma biyar. Amma in ka ga yadda yake ɗaga hanci ran kasuwa, sai ka rantse shi ya koya wa likitoci aiki. Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa!

Ya zazzago mata farare guda biyu, ya ce na ƙaiƙayi ne. Kaltuma ta faɗa masa gargaɗin majo, har ta miƙa masa takardar asibiti. Ko kallonta bai yi ba.

"Yaya, ba ka ganin in bari sai na tambayo?"

"Mi majo ya sani wanda ban sani ba? Wancan na kai na, wanga na hwata na, kowane da hanya tai. Ke dai sha."

Kunya ta hana ta musa wa babba. Ta sha, ta ɗauki tulu da guga ta tafi rijiya.

Tun a hanya bakinta ya bushe, ƙafafunta suka yi nauyi, idonta ya fara ganin hazo. Ta ɗauka rana ce. Ta sunkuya tana jan guga na uku, jiri ya kwashe ta, ta tafi da ka cikin rijiyar. Matan da ke wurin suka yi ta kururuwa. Kafin maza su zo da igiya, rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki Alƙasim ya fi kowa faɗin cewa kwana ne ya ƙare. Ran kasuwa ta gaba kuwa ya sake baza gwangwaninsa, ko kunya babu. Yaran uku aka rarraba su gidajen dangi.

Jama'a, maganin damuwa da wasu magungunan ƙaiƙayi in suka haɗu a jiki suna kawo jiri da barci mai nauyi. Kada ku daina na farkon, kada kuma ku ɗora masa wani sai ma'aikacin lafiya na gaske ya yarda. Farar riga ba ta mai da jahili likita.