Tokar Mama

"Nan ma ba a zuba toka," in ji mai gadin tsohuwar ganuwar birnin Bergen, ya nuna mana ƙofa.

Tun safe ni da yayata muke yawo cikin ruwan sama, rungume da ɗan tulun tokar gawar Mama, muna neman inda za mu zuba ta. Lambun tsakiyar gari 'yan biki sun cika shi. Tsohon cocin kuma a kulle, ana gyara.

Muna shiga jirgin ruwa don komawa unguwarmu faɗa ya kaure.

"Ke kika ce a je ganuwa, uwar iyayi!" in ji Yaya.

Na ce, "Ke da ko asibiti ba ki leƙa ta ba?"

Har muka sauka muna yi. Sai da jirgin ya tashi ta dubi hannuna, na dubi nata. Wayam.

Ta tagar jirgin muka hango tulun zaune a kujera, jirgin ya miƙi teku.

Yaya ta zube a jiƙaƙƙen benci, dariya da kuka suka haɗe mata.

Ta ce, "Tun muna yara Mama take cewa in ba mu daina faɗa ba, za ta tafi ta bar mu."