Farar Waya a Shagon Muttaka

Kyankyaso ya fito daga cikin kwamfutar ya bi ta kan yatsun Bahijja. Ta yarfe hannu. Ƙura, guntayen zare, ɓawon gyaɗa, har da busasshiyar miya a kan madannai. Wai a cikin wannan juji Malam Muttaka, telan matan Yakasai, yake ajiye zanen adon wuya da kekensa ke ɗinkawa.

Tsohuwar manhajar Linux ce a ciki, an yi shekaru ba wanda ya waiwaye ta. An kira Bahijja ta sabunta kanel, wato zuciyar manhajar, wadda ke gane duk na'urar da aka jona. Malam Muttaka ya ce firinta ce ta ƙi aiki. Ta gwada, takarda ta fito lafiya lau.

"Ke dai sabunta, 'yata," in ji shi.

Ba don sunanta ba, da tuni ta tattara kayanta. Tun da ta fara gyaran kwamfuta ake zuba ido a unguwa ta lalata wani abu, a ce ai dama aikin ba na mata ba ne. Ga shi yayarta Hafsat ce ta kawo ta, ta cika baki a kanta, tana nan zaune tana jiran ɗinkinta.

Ta toshe hanci da gefen hijabi, ta kwafe zanen a filas, 'yar na'urar ajiye bayanai, don kada ya ɓata. Bayan teburin wayoyi ne cunkus, duk sun yi baƙi da maiƙo. Guda ɗaya ce fara tas, siririya, ta bi gindin bango ta shige can cikin shagon. Aƙalla an taɓa sayen sabon abu a shagon nan, ta ce a ranta.

Ta ɗora sabon kanel, ta kashe, ta kunna. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi motsi. Malam Muttaka, wanda aka sani da sanyin jiki, sai kaiwa da komowa yake yi yana leƙe.

Can sai rubutu ya fara gudu. Komai ya dawo, zane ko ɗaya bai ɓata ba.

"Madalla. Bar ta haka, ba sai kin gwada komai ba," ya ce, har da murmushi. Ya miƙa wa Hafsat rigarta. "Hajiya, shiga ciki ki gwada, ko akwai gyara."

Amma Bahijja ba ta barin aiki ba ta duba ba. Ta buɗe jerin na'urorin da aka jona: madannai, firinta, keke, sai wata guda da tsohon kanel bai taɓa ganewa ba. Ta danna ta.

Ashe farar wayar ta kyamara ce. Allon ya kawo hoton ɗan ɗakin gwajin kaya, daga sama, ga Hafsat ta saki labule tana kwance mayafinta.