Kan Uwar Hasumiya

Malis na saukowa daga mota, tsohuwar da ke sayar da ayaba a bakin hanya ta saki farantinta, ayabar ta watse a ƙasa. Ko sunkuyawa ba ta yi ba. Haɗa tafukan hannu ta yi a goshi, ta ja da baya.

"Yaya Malis, yau ba ki wanke fuska ba ne?" in ji direbanta Vuthy, yana dariya.

Ta ce ya kama bakinsa. Ta san rigar aikinta ce. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da kangayen Sambor Prei Kuk ba sa murnar ganin ma'aikatan kayan tarihi, don ba sa komawa hannu rabbana. Ita ma ɗauka ta zo yi. An ce akwai wani kan gunki na dutse da mutanen nan ke kira Uwar Hasumiya, suna kai masa turare da shinkafa, kuma an umarce ta ta kai shi ma'ajiya a birni. Daminar bara ɓarayi sun riga ta zuwa wani ƙauye, ta tarar da dungun wuyan gunki kawai da garin dutse a ƙasa. Abin yana cinta har yau, kuma ta rantse ba za a sake ba.

Samari ba su damu da ita ba, suna ta harkar baburansu. Tsofaffin ne abin mamaki. Wani ya cire hularsa ya shige bayan rumbu. Wata ta leƙo ta taga, ta rufe a hankali. Malis a gidan marayu ta tashi a Phnom Penh, babban birnin ƙasar, inda ba wanda ke kallon yaro sau biyu, don haka wannan kallo ya tsaya mata a rai.

Hasumiyar da gunkin ya samo sunansa ta jan bulo ce, saiwoyin wata ƙatuwar bishiya sun naɗe ta har sama. A gefenta akwai 'yar rumfa, kan yana ciki, lulluɓe da jan ƙyalle. Mai kula da shi, Tsoho Khuon, yana shara, ya ba su baya. Da can turmin dutse yake sassaƙawa, kafin hannu ya fara rawa. Vuthy ya ji a gari cewa ba mai ɗaga ƙyallen nan sai shi, shi ma sai lokacin bikin ciyar da matattu.

Malis ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi Kaka. Ya juyo. Tsintsiyar ta zame daga hannunsa, ya zauna daɓas a kan wani bulo.

Ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce ba raina abin da suke girmamawa take yi ba, amma rumfar ganye ba ta tare mai zarto, kuma in ɓarayi suka zo, shi da kansa ba zai tsira ba. Abin da ya tambaye ta kawai shi ne shekarar da aka haife ta. Ta ce ba ta sani ba, wajen ƙarshen mulkin masu baƙaƙen kaya dai, waɗanda suka karkashe jama'ar ƙasar. Ta ƙosa da tsofaffin ƙauyen nan da kallonsu, gaskiya, sai ta wuce shi ta shiga rumfar.

Ta bayan kan ta fara ɗaga ƙyallen, kamar yadda ta saba. Dutsen tsoho ne, daga ginin aka ciro shi, amma sawun kurfin sassaƙar sabo ne. Wannan aiki bai kai shekara hamsin ba, balle dubun da aka yi zato. Tafiyar banza ta yi ke nan.

"Kaka, wa ya sassaƙa wannan?"

"Ni ne," ya ce. "Bayan hasumiyar nan masu baƙaƙen kaya suka kai matata, suka kashe ta. Duk gari suna ji, ba wanda ya fito. Ba ni da hotonta ko ɗaya, 'yar nan, ga shi fuskar ta fara ɓace mini."

Tausayinsa ya kama ta. Ta zagaya gaba don ta mayar da ƙyallen, ta ba shi haƙuri, ta tafi. Sai ta tsaya cak. Goshin nan, da leɓen nan, da yadda idon hagu ya ɗan fi na dama runtsewa, kullum da safe tana ganinsu a madubi.

"Gawarta na samu, na binne da hannuna," in ji tsohon daga bayanta. "Jaririyarmu da ke hannunta ce ban taɓa samu ba."