Na Ƙarshe a Layi

Lauya tana cikin jera bajo a faranti ta ɗaga kai ta gan shi a ƙarshen layi, cikin rigar yaye da ta yi masa gajarta. Nan take hannunta ya tsaya.

Al'adar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ke nan duk shekara. Waɗanda suka kammala jami'a su yi layi a gaban zaure, kowane tsohon ɗalibi ya ɗauki ɗaya, ya maƙala masa bajo a ƙirji, ya ce a makirufo, "Daga yau ka zama ƙanena." Na ƙarshe kuma rabon shugabar ƙungiya ne. Shugabar kuwa ita ce.

Ranta ya ɓaci har kunnuwanta suka ɗauki zafi. Wannan mutumin ne ya sa ta a gaba ranar da jami'a ta ɗauke ta, ya ce ta zaɓa, ko shi ko boko. Ya ce digiri takardar ƙunshe gyaɗa ce, macen da ta shiga can kuwa ta fi ƙarfin gida. Ta yi kuka, ta roƙa, ta tura manya. Ya ce shi magana ɗaya yake yi. Ta zaɓi karatu, shi kuma daga ranar ko gaisuwarta bai sake amsawa ba.

Duk da haka ranar nata yayen ta ajiye masa kujera, don zuciya ba ta da ƙashi. Kujerar ta wuni da jakarta a kai.

Yau ga shi ya lashe amansa, har da karkata hula.

Ta jawo Ma'aji gefe. "Wa ya sa wancan a ƙarshe?"

"Shi ya roƙa, ranki ya daɗe. Ya ce kowa ya wuce, shi zai jira. Ajin ƙarshen mako ya yi, na manya. Kin san shi ne?"

"Farin sani."

"In da matsala sai in karɓe ki."

"Kar wanda ya taɓa shi," in ji ta.

Ba don alheri ta faɗa ba. So take ya iso gabanta, ta ajiye bajon a faranti, ta juya ta sauka, ta bar shi tsaye ƙirji wayam a gaban jama'a da masu hoto. Shi ma ya ɗanɗana yadda ake jira a banza.

Layi ya yi ta raguwa, ana tafi, ana guɗa. Ita kuwa tana tsara masa maganganu a ranta, irin waɗanda take jifan mai shaidar zur da su a kotu. Abin da ya ƙara ƙona ta, can a sahun baƙi ta hango mahaifiyarta tana sunkuyar da kai. Ashe har ita ta sani, ta yi gum.

Ya iso a hankali, furfura ta cinye gemun. Saura kaɗan ta durƙusa ta gaishe shi, ta hana kanta.

Mai gabatarwa ya miƙo makirufo. "Shugaba, kalmar da aka saba." Ta ci gaba da juya bajon a hannu. Wani daga baya ya ce babbar yaya ta manta karatu, aka yi dariya.

Mutumin bai kalle ta ba. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Ashe haka abin yake da wuya. Kuma ke kaɗai kika sha."

Wannan shi ne ban-haƙurin? Bayan shekarun nan duka? Ta ji kamar ta watsa masa farantin. Ta ture makirufon, don kalmar ƙane ba za ta fito daga bakinta ba ko zauren zai rushe. Ta damƙi bakin rigarsa da ƙarfi, allurar bajon na neman yatsanta.

"Tsaya daidai, Baba," ta ce, haƙora a cije, "kar in soke ka."