Firinta Ɗaya, Malamai Ashirin

Tunda ka ce ba ka da ƙarfin ja da wanda ya fi ka muƙami, zauna ka ji wani misali. A wata makarantar sakandare firinta ɗaya ce tal, a ɗakin malamai, an jona ta da kwamfutocin malamai ashirin. Duk wanda ya tura aiki sai aikin ya hau layi, inji na fitarwa bi da bi. Mutum ɗaya kawai aka ba ikon soke abin da ke kan layin, wato mataimakin shugaban makaranta, don ya riƙa share aikin da ya maƙale. Shi kuwa bawan Allah sai ya mayar da ikon sandar kora. Yana rubuta kundin digirinsa na biyu, babi-babi, kuma duk sanda ya so bugawa sai ya soke na kowa ya sa nasa a gaba. Malamai sun saba, a yi tsaki a ciki, a jira ya gama.

Ran nan wata malamar lissafi ta tura tambayoyin jarrabawa, shafi biyu kacal, ɗalibanta za su zauna da ƙarfe goma sha ɗaya. Kwafi ɗaya take nema, sauran aikin na injin kwafi ne. Mataimakin nan dai shi ya kafa dokar cewa duk wanda ya makara da tambayoyi zai sha takardar gargaɗi. Ta riga ta karɓi guda biyu, duka saboda firintar nan, ta uku kuwa canjin wurin aiki ce zuwa ƙauye mai nisa, ga mahaifiyarta kwance ba mai jinya sai ita. Ta tura, ya soke. Ta sake turawa, ya sake sokewa. Ta je ofishinsa ta roƙe shi da girman Allah, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce ta jira. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta tsaya kuka ba. Ta bi malamai tebur-tebur tana ba kowa tambayoyin, tana cewa, “Malam, tura min daga kwamfutarka. In ya soke, ka sake turawa.” Da farko sun yi ta kallon juna, kowa na tsoron a ga sunansa a layi. Wani tsohon malamin tarihi da ya kusa ritaya ne ya fara dannawa, sai saura suka bi.

Mataimaki ya duba kwamfutarsa ya ga layi ya cika maƙil da shafi biyun nan, sunaye ashirin. Kafin ya soke ɗaya, uku sun hau. Ya yi ta dannawa har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da haushi ya ci shi sai ya share layin gaba ɗaya, ya manta babi bakwai na kundinsa suna ciki. Kafin ya lalubo babin farko ya sake turawa, yatsu ashirin sun riga shi. Inji ya yi ƙara ya fito da tambayoyin lissafi, ya fito da su kuma, har sau ashirin. Malama ta ɗauki ɗaya da ɗuminta, saura minti goma sha biyar, ta wuce ta gaban ƙofarsa ba ta sunkuyar da kai ba. Ya so ya rubuta gargaɗi, to wa zai rubuta wa? Ba wanda ya taka doka, kowa aiki ya tura kan layi kamar yadda aka tsara. Tun daga ranar, kundin digiri ma layi yake bi.

Don haka kar ka ƙara ce min ba ka da ƙarfi alhali ba kai kaɗai ake takawa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.